Gindin Kofin da Na Ba Ka

Fagge, Kano.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uban da bai saba yi wa ɗansa doguwar magana ba. Allah Ya sa wannan rubutu ya same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Abuja lami lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya da sharrin mutum, amin.

Na ce wa innarku ta cusa wannan littafi a aljihun jakarka ba tare da ta gaya maka ba. Saboda haka lokacin da hannunka zai kai kansa, mota ta riga ta bar Kano, ba ka da damar katse ni da "to Baba, na ji" irin wadda ka iya. Za ka ga rubutun manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya, layi yana hawa yana gangarowa. Kada ka yi dariya, dalilin yana gaba. Kusan mako uku na yi ina rubutawa, kullum tsakanin azahar da la'asar, a bakin ƙofar shago inda rana take dukan takarda sosai.

Ka samu aikin tuƙa ɗan majalisa, duk layinmu ana cewa ka tako sa'a. Kawunnanka sun yi maka nasiha a kan salla da riƙon amana da abokan banza, kuma sun fi ni iya faɗa. Ni abu ɗaya zan yi maka magana a kai, abin da idan na faɗe shi a gaban mutane za a ce tsohon tela ya fara ruɗewa. Kofi nake nufi. Ba kofin da ake zuba ruwa a ciki ba, wanda kake sha safe da yamma a teburin Baba Modu mai shayi.

Ranar da aka kawo maka labarin aikin nan, ina zaune a ƙarshen benci, kai kana ɗaya ƙarshen da abokanka. Ka ce a yi maka haɗin kauri. Na ji ƙarar sukari yana faɗawa cikin kofi, na ƙirga da kunne, ƙwaya bakwai. Na ji an huda gwangwanin madara an tuttula. Wani abokinka ya ce, "Kai Kabiru, wannan sukari haka?" Sai ka yi dariya ka ce, "Baba Modu, ƙara mini garin kofi cokali ɗaya. Ai ɗaci yana kashe zaƙi."

Maganar nan tawa ce. Ni na ƙirƙire ta a kan bencin nan tun kana ƙaramin yaro, na yi shekara da shekaru ina faɗa ana dariya. Ko yadda ka ja ƙarshenta irin nawa ne. Na lalubi sandar rumfa na tashi na koma shago. Washegari na aika aka sayo mini littafin nan.

Bari in fara daga inda na fara ɓata.

Wancan karon da sojoji suka miƙa mulki, shekara ashirin ke nan, ina da shekarunka na yanzu da ɗan ɗoriya. Ba ka ga Fagge a lokacin ba. Duk wanda ya yi mafarkin kujera sai ya ɗinka babbar riga, daga mai neman gwamna har mai neman kansila, har mai riƙe wa mai neman kansila jaka. Shadda ta cika shagona har ba ni da wurin shimfiɗa sallaya. Kuma ba fariya ba, a layin nan babu wanda ya kai ni aikin wuya. Idan na zauna a kan keken ɗinki na fitar da aska takwas, mutane tsayawa suke yi suna kallo. Ina zura zare a kafar allura ina hira, ko kallon wurin ba na yi sosai.

Aiki ya fi ƙarfina, barci ya yi mini kaɗan, har wata rana da hantsi na yi gyangyaɗi allura ta huda mini yatsa. Na je teburin Baba Modu da yatsa a naɗe. Ka san shi da tsokana, Babarbare ne, ni kuma yana ganina ɗan Fulani, ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Ya ce, "Ɗan Fulani, an raba ka da nono an ba ka keke, dole ka yi barci. Zauna in haɗa maka abin da direbobin Legas suke sha." Ya ɗebo wani baƙin gari a gwangwani ya zuba a ruwan zafi. Na kurɓa na tofar. Na ce wannan ai ruwan darbejiya ne. Ya yi dariya ya zuba sukari, na ce ƙara. Ya zuba madara, na ce ƙara. Ya shiƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa. Da na sha, sai na ji idona ya buɗe tar, na koma na gama riga biyu kafin la'asar.

Tun daga ranar ban sake fashi ba. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ranar da aiki ya yi yawa uku. Sukari ƙwaya takwas, madara rabin gwangwani, ga burodi a gefe. Da azumi ma, da na jefa dabino a baki sai kofi, kunun innarku yana jira har ya huce. 'Yan siyasa suka yi shekara huɗu, sojoji suka dawo suka kore su, shadda ta ragu a shago, amma kofina bai ragu ba. Kuskurena na farko ke nan: jikina ya ce ya gaji, maimakon in ba shi barci sai na toshe masa baki. Kai kuma tuƙi za ka yi. Maigidanka zai ce a tashi Kaduna, a wuce Jos, a dawo Abuja, kuma zai kwanta a kujerar baya yana minshari. Idan idonka ya yi nauyi, ka faka ka gaya masa gaskiya. Ransa zai ɓaci na ɗan lokaci, amma kofi ba ya biyan barcin da aka hana jiki, ɗaga shi kawai yake yi zuwa wani wuri a kan hanya.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, kuma a kanka na yi shi.

Kana ɗan shekara huɗu ka fara bina shago. Ba ka yarda da kowa sai ni. Idan na zauna a bencin Baba Modu sai ka tsaya tsakanin gwiwoyina, ka kafe kofina da ido, kana bin sa daga hannu zuwa baki, daga baki zuwa hannu. Ka san idan sukari ya yi yawa ba ya narkewa duka, yana kwanciya a ƙasa, kauri kamar zuma. Shi nake rage maka. In ce, "Karɓi gindin kofi." Ka kama da hannu biyu, ka kafa kai, ka sa yatsa ka suɗe, ka ɗago da gashin baki na madara. 'Yan benci su yi ta dariya suna cewa ɗan tela ya gaji ubansa. Ni kuma ina jin daɗi, ina ganin na cika uba.

Innarku ta yi magana. Ta ce yaron nan ba ya cin tuwo idan ya dawo daga shago, kuma ba ya barcin rana. Na ce mata mace ba ta san abin da ke tsakanin ɗa da uba ba. Haƙoranka biyu na gaba suka yi baƙi, ka yi kwana uku kana kukan ciwon haƙori, na ce ai na wuri ne, za su zube wasu su fito. Yayyenka mata ban taɓa ba su ba, don ba sa zuwa shago. Su na ɗauka na tauye, ashe su na ƙyale lafiya. Kai da na fi so, kai na zaɓa na ba ka.

Ban san yadda uba yake neman gafarar ɗansa a kan cokalin sukari ba, amma ga shi ina nema. Idan Allah Ya ba ka 'ya'ya, kada ka nuna musu so da abin da ke cikin kofinka. Ka ɗauke su a kafaɗa, ka kai su kallon jirgin ƙasa, ka saya musu gyaɗa. Yaro ba ya mantawa da ɗanɗanon abin da ya karɓa daga hannun ubansa, kai ne shaida.

Na uku, an gaya mini gaskiya da wuri na mayar da ita abin dariya.

Ka san Madam Ngozi ta Sabon Gari, wadda nake sayen zare da allura a shagonta. A nan Kano aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta 'yar unguwar Kwaciri, kuma kafin ta kama kasuwanci ta yi aikin jinya. A lokacin na yi ƙiba, tumbi ya fito, wuya ya cika, mutane suna ce mini Alhaji tun ban je Makka ba. Ina jin daɗin hakan. Wata rana na je sayen zare, daga kwanar Bata zuwa shagonta kawai na tako, amma kafin in zauna na shanye ruwa moɗa biyu, na nemi na uku. Ba a jima ba na tambayi makewayi. Na dawo, muna cikin zaɓen zare, na sake tambaya.

Ta ajiye zaren ta dube ni. Ta ce, "Oga Habu, tun yaushe kake shan ruwa haka?"

Na ce, "Zafi ne, Madam."

Ta ce, "Zafin a kanka kaɗai yake sauka? Zo ka gani."

Ta ja ni bayan shago ta nuna mini inda na tsuguna. Kiyashi ne suka yi layi, baƙi ƙirin, sun taru a wurin. Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta koma haushi. Ta ce, "Wannan ba wasa ba ne o. Suga ne. Babana haka ya fara, ƙarshe sai da aka yanke masa ƙafa. Ka je a gwada jininka, kuma wannan abin da kake sha wurin mai shayi, ka rage sukarin."

Ka san abin da na ce mata? Na ce, "Madam, ai ni ba shayi nake sha ba, kofi nake sha. Kofi ɗaci ne da shi. Kowa ya san ɗaci shi ne maganin zaƙi, shi ya sa masu suga suke shan shuwaka. Nawa ciwon da maganin a kofi ɗaya suke."

Ta ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Hankali."

Ta girgiza kai ta ce, "A bakinka ne ɗacin yake ɓoye zaƙin. Cikinka ba shi da harshe, Oga Habu. Ƙwaya takwas ka zuba, ƙwaya takwas zai karɓa."

Na biya kuɗin zarena na fito ina cewa a raina, matar da take dafa miya da ganye mai ɗaci ita ce za ta ƙaryata ɗaci? Da na iso bencin Baba Modu na ba da labari, na kwaikwayi muryarta, aka yi ta ƙyaƙyatawa. Ranar ce na fara cewa a ƙara mini garin kofi don ɗaci ya kashe zaƙi. Ban rage ƙwaya ɗaya ba, sai ma na ƙara abin da yake sa zuciyata bugawa da hannuna rawa. Wata shida na daina sayayya a wurinta, ina zagayawa wani shago mai tsada, don kawai kada ta dube ni.

Kabiru, duk wanda ya gaya maka abin da ba ka so a kan jikinka, ka tsaya ka saurara, ko wane yare yake ji, ko ina yake ibada. 'Yan bencin da suka taya ni dariya, babu ko ɗaya da ya taɓa raka ni asibiti. Matar da na kwaikwaya ita ce ta rufe shagonta ta kai ni da kanta, ranar da wani ɗan ƙurji a ƙafata ya yi wata biyu ya ƙi warkewa.

Likita ya gwada jini ya ce suga ne, kuma ya daɗe. Ya tambayi abin da nake ci da abin da nake sha. Da na zo kan kofi na fara yi masa bayanin ɗaci, bai ma bari na ƙarasa ba. Ya ce shi bai damu da baƙin garin ba, idan zan iya shan kofi ɗaya da safe babu sukari babu madara mai zaƙi, in sha abina. Abin da nake zubawa a ciki shi ne yake cina. Ya ce ciwon nan ba ya ihu, a hankali yake bin jijiyoyi, ya taɓa ƙafa, ya taɓa ƙoda, ya taɓa ido. Ya tambaye ni sana'ata, na ce tela. Sai ya ce, "To, Malam, ka ji tsoron Allah a kan idonka." Ya kuma ce ciwon yana bin jini, 'ya'yana su kula. Wannan maganar ban taɓa gaya maka ba sai yau.

Na daina na kwana biyu. Rana ta farko kaina ya yi kamar zai tsage. Rana ta biyu na yi wa innarku tsawa a kan gishirin miya, na kori mai kawo ɗinki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Rana ta uku na koma benci, Baba Modu ya haɗa mini, kafin in kai rabi ciwon kan ya tafi. Sai na ce, to ka gani, abin da yake warkar da ciwon kai cikin minti biyar shi ne za a ce mini guba? Ban gane cewa shi ya kawo ciwon kan ba. Daga baya na ji cewa da na daure mako guda da ya wuce da kansa.

Sai na ɓullo da wata dabara, irin ta mutumin da yake ganin ya fi likita wayo. Da asuba in sha ruwan shuwaka, in tauna namijin goro, wani lokaci har jiƙon darbejiya, in yamutsa fuska in haɗiye. Ina gamawa sai in ce na biya, in wuce wurin Baba Modu da lasisina. Ƙwayoyin asibiti kuwa sai ranar da na ji jiri nake sha. Shekara bakwai ina wannan ciniki da jikina, ni ne mai saye ni ne mai sayarwa, kuma ni aka cuta. Haƙorana na ciki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Tafin ƙafata ya mutu, har takalmi yakan zame mini a hanya ban sani ba sai an nuna mini. Ina taka keke ba na jin inda ƙafar take.

Abin haushin, Baba Modu da ya koya mini bai taɓa shan abin da yake haɗawa ba. Ruwan bunu yake sha, babu sukari, tun da na san shi. Ya girme ni da shekara goma sha, kuma har yau shi ne yake fara hango jinjirin wata a layinmu. Na taɓa ce masa shi ya kashe ni. Ya ce, "Ɗan Fulani, na taɓa zuba maka ƙwaya ɗaya da ba ka ce ƙara ba?" Kada ka ga laifin mai shayi a duk inda ka je. Bakinka ne zai ce ƙara, kuma bakinka ne zai ce ya isa.

Yanzu ga abin da na ɓoye maka, kai da kowa, ban da innarku.

Shekara biyu ke nan ban ga kafar allura ba. Da farko wasu baƙaƙen abubuwa ne suke yawo a idona kamar ƙudaje, in kore su da hannu su ƙi tafiya. Na sayi tabarau a bakin Bata, na canza, na sake canzawa. Daga nan tsakiyar duk abin da na kalla ya zama dishi-dishi, sai gefe-gefe nake gani. Da na koma asibiti likitan ido ya ce jijiyoyin bayan idon ne suka lalace, tabarau ba ya kai wa can. Ya ce da na zo da wuri da an tare wani abu. Na dama ya kusa tafiya, na hagu shi ne nake lallaɓawa da shi nake wannan rubutu.

Ka sha tambayar abin da yake kai innarku shago da sassafe da kwanon koko, alhali ina iya karyawa a gida. Ba koko take kawowa ba, ido take kawo mini. Ita take zura mini zare a keke, ta jera mini zaruruwa a kan tebur, fari a dama, baƙi a hagu, sauran a tsakiya yadda na haddace. Idan zare ya tsinke da rana, sai in rufe shago in ce na tafi salla, in zagaya gida in kira ta. Matar da na ce ba ta san abin da ke tsakanin ɗa da uba ba, ita ce ta rufa mini asiri shekara biyu, ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Sai ga shi sojoji sun sake miƙa mulki. Shekara goma sha biyar ina jiran ranar nan, ina cewa bari farar hula su dawo ku ga aiki. Sun dawo. Shadda ta sake cika Fagge, yaran da na koya wa riƙe almakashi suna korar aiki saboda yawa. Wani da ya daɗe yana kawo mini ɗinki, wanda ya ci zaɓe, ya kawo mini farar shadda mai tsada, ya ce rigar rantsuwa ce, babu mai taɓa ta sai Habu. Girman kai ya hana ni cewa ba zan iya ba. Zare ya ƙare ana tsakiyar aiki, innarku ta tafi gidan suna, na laluba na ɗauko wanda nake zaton fari ne, na yi ta fama har na zura shi da ƙyar. Ashe launin ruwan ƙwai ne. Na yi rabin wuya da shi ina jin daɗin hannuna. Da mutumin ya zo ya ɗaga rigar, ya duba wuyan. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Malam Habu, Allah Ya ba ka lafiya," ya naɗe kayarsa ya fita. Da ya zage ni da na samu abin ramawa. Tun daga ranar manyan riguna suka daina zuwa, sai facin wando da rage tsawon hannu. Na ce muku kasuwa ce ta canza.

Kada ka ɓoye ciwo don kare suna. Na ɓoye nawa don kada a ce Habu ya makance, sunan ya tafi, idon ma ya tafi.

Kai direba ne. Ni da na rasa ido riga na ɓata. Kai idan naka ya fara dishi-dishi a kan titin Kaduna, ba riga za ka ɓata ba. Kuma na lura da kai, duk da ban gani sosai. Ina jin yadda benci yake nutsewa idan ka zauna. Ina jin sau nawa kake buɗe randa. Wataƙila zafi ne kawai, kamar yadda na gaya wa Madam Ngozi. Ina roƙon Allah Ya sa zafi ne. Amma jinina ne a jikinka, kuma ka riga ni farawa da shekara ashirin da wani abu, tun da ni da gemuna na fara, kai kuwa a tsakanin gwiwoyina.

Abin da nake nema a wurinka ba shi da yawa. Albashinka na farko, kafin ka saya wa innarku atamfa, kafin ka aiko mini da ko sisi, ka je asibiti a gwada jininka, ka rubuto mini abin da aka ce, ko mai daɗi ko marar daɗi. Innarku za ta sa a karanta mini. Kofi kuma, idan ba za ka iya rabuwa da shi ba, ka sha ɗaya da safe, ka sha shi da ɗacinsa yadda Allah Ya yi shi. Idan ka ga ba ya shayuwa haka, to ka san ba kofi kake so ba tun asali. Kanka zai yi ciwo kwana kaɗan, za ka ji haushin kowa. Ka daure, ba mutuwa ba ce. Kuma maganar nan tawa ta ɗaci da zaƙi, ka bar ta a nan Fagge. Kada ka kai ta wani benci wani yaro ya ɗauka.

Saura kaftanin da na ɗinka maka na tafiya. Na ƙi bari kowa ya taɓa shi, domin ban yarda ɗan Habu tela ya shiga Abuja da ɗinkin wani ba. Kwana tara na yi a kan wuyan nan da a da nake gamawa kafin azahar, innarku tana tsaye a kaina tana cewa dama, hagu, tsaya. Na shafa da yatsa, na san ya karkace ta gefen hagu. Kai ma ka gani, na ji yadda ka yi ɗan shiru kafin ka ce, "Baba, ya yi kyau." Allah Ya yi maka albarka da wannan ƙaryar. Sannan ka sa shi ka tsaya a gabana ka ce, "Ya zauna?" Na ce ya zauna ɗas, ka fito ango. Ni ma ƙarya na yi. Wani dogon farin abu na gani a tsaye a bakin ƙofa. Rabona da ganin fuskarka sosai tun kafin ka tsayar da gemu. Innarku ce ta ce mini ya yi maka kyau, kuma wai ka fi kama da ni yanzu.

Ranar tafiyarka zan raka ka tasha. Na san idan mota ta tashi za ka leƙo ta taga ka ɗaga mini hannu, kuma za ka ga na ɗaga maka. Mun riga mun shirya da innarku, za ta tsaya a gefena ta riƙe mini gwiwar hannu, ta juya ni wajen da kake. Idan ka lura hannun nawa ya ɗan kauce, yana kallon wata motar, yanzu ka san dalili. Kai nake nufi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya haɗa ka da maigida mai tausayi, Ya tsare maka idonka da ƙafarka da imaninka. Allah Ya dawo mana da kai lafiya, kana gani garau, ka shigo layin nan ka hango ni tun daga nesa, tun da ni ba zan hango ka ba. Idan ka iso, ka yi sallama da ƙarfi.

Innarku tana gaishe ka, yayyenka suna gaishe ka. Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Habu Tela.